Halwa da Zaman Daji a Lokacin Rikici: Tarihin Shehu Amadu Bamba na Senegal (1853–1927)

1. Gabatarwa

Ranar 21 ga watan Satumba na shekarar 1895, wani jirgin ruwan Faransa ya tashi daga Dakar ya nufi kudu. A cikinsa akwai wani malami mai kimanin shekara 42, sunansa Amadu Bamba Mbake, wanda hukumar mulkin mallaka ta yanke wa hukuncin kora zuwa Gabon. Bai taɓa jan runduna ba, ba a kuma kama shi da makami ba. Abin da ya tsorata Turawa shi ne yawan jama'ar da ke taruwa a wurinsa. Sun yi zaton in aka raba shi da almajiransa, aka jefa shi cikin kurmin da ba ya jin harshen kowa, to ko dai ya mutu ko a manta da shi. Bayan shekara 7 ya komo da ransa da hankalinsa, mabiyansa kuwa sun fi na da yawa.

Tambayar da wannan takarda take son amsawa ita ce: da me ya jure? Mabiyansa suna cewa karama ce. Mai nazarin tarihi ba shi da ma'aunin auna karama, amma yana iya bin sawun abin da mutum ya saba yi kullum kafin wahala ta zo, da abin da ya riƙe bayan ta zo. A rayuwar Bamba kalmomi uku ne ke ta maimaituwa. Ta farko ita ce halwa, wato mutum ya keɓe kansa daga jama'a na wani lokaci domin ibada. Ta biyu wuridi, wato zikirin da ake ɗaukar wa kai, mai adadi da lokaci sananne. Ta uku tafakkuri, wato zurfafa tunani a kan halittun Allah, kamar sama da ƙasa da ruwa da itatuwa. Takardar za ta duba yadda ya koyi waɗannan, da yadda suka amfane shi, da kuma iyakar amfaninsu.

2. Ƙasar Wolof a lokacin ruɗani

An haifi Bamba wajen shekarar 1853 a garin Mbake na ƙasar Bawol, ɗaya daga cikin masarautun Wolof. Sauran su ne Kajor da Jolof da Walo. Ƙasa ce mai jigawa da gajeriyar damina, inda gawo da kuka suke tsaye a gonakin gero, kamar dai yadda ake gani a Damagaram ko Katsina. Mulki yana hannun sarakuna da mayaƙansu da ake kira ceddo, waɗanda akasarinsu bayin sarki ne, kuma sun shahara da kwasar dukiyar talakawa.

Yana ƙarami aka fara rusa wannan tsari. Daga 1854 gwamna Faidherbe ya soma faɗaɗa ikon Faransa daga birnin Ndar, wanda Turawa ke kira Saint-Louis. A kudu kuma, wani malamin Tijjaniyya mai suna Maba Jahu Ba ya ɗaura jihadi a 1861. Yaƙin ya ci garuruwan Bawol, aka kwashe gidajen malamai da dama zuwa Salum, har da gidan su Bamba. A can mahaifiyarsa, Mam Jara Buso, ta rasu a ƙauyen Porohan wajen 1866. A shekara mai bi aka kashe Maba a fagen fama. Ke nan kafin ya kai shekara 15, yaron ya ga ƙaura ta dole, da maraici, da faɗuwar jagoran da aka ɗora wa buri.

Rikicin bai tsaya nan ba. Sarkin Kajor, Lat Jor, ya ƙi yarda a shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ta ratsa ƙasarsa. Turawa suka tuɓe shi, suka buɗe hanyar Dakar zuwa Ndar a 1885, sannan suka kashe shi a Dekele a watan Oktoba na 1886. Sarkin Jolof, Alburi Njai, ya bar ƙasarsa a 1890 ya yi gabas yana yaƙi, har ajali ya same shi a yankin Dosso na Nijar ta yau. Ba a jima ba kuma annobar bushiya ta karkashe shanu a faɗin yankin. Mutane da yawa suka wayi gari babu sarki, babu dukiya, babu wanda za su kai wa kuka: tsoffin mayaƙa, da bayin da suka gudu, da manoman da haraji ya dame su.

3. Zaɓin da ya yi

Mahaifin Bamba, Momar Anta Sali, babban malami ne kuma alƙalin Lat Jor. Saboda haka ɗan ya ga fada daga ciki, kuma abin da ya gani bai yi masa daɗi ba. A 1875 aka gwabza yaƙin Samba Sajo, inda Lat Jor da taimakon Faransa ya ci rundunar wani mai jihadi, Amadu Shehu. Waɗanda aka kamo Musulmi ne, amma malaman fada suka halatta a bautar da su. Bamba ya ƙi wannan fatawa, har ya yi jayayya a kanta da babban alƙali Majahate Kala. Daga nan ya fahimci abu biyu: jihadin takobi na zamaninsa ya koma Musulmi na kashe Musulmi, kuma malamin da ke ci a fada ba ya iya faɗa wa sarki gaskiya.

Da mahaifinsa ya rasu wajen 1883, aka nemi ya gaji matsayinsa a wurin sarki. Ya ƙi a bainar jama'a, abin da ya sa wasu suka ɗauke shi mahaukaci. Ya zagaya neman ilimin sufanci, ya je Ndar, ya je wurin gidan Shehu Sidiya a Muritaniya. Ya riƙi wuridin Ƙadiriyya, ya kuma karɓi na Shazaliyya da na Tijjaniyya. Sannan ya tara ɗalibansa ya gaya musu cewa daga yanzu karatun littafi kaɗai ba zai wadatar ba: wanda zai zauna da shi sai ya yarda a yi masa tarbiyyar zuciya. Wasu suka tafi, kaɗan suka zauna. Waɗanda suka zauna su ne muridai na farko, kuma daga sunansu aka sami na ɗariƙar Muridiyya.

A waɗannan shekaru ne ya rubuta Masalikul Jinan, waƙar Larabci mai baiti fiye da 1,500, wadda ya gina a kan wani littafin malamin Muritaniya Al-Yadali, ya kuma ɗebo da yawa daga Imam Gazali. Littafin yana bayani a kan abokan gaba huɗu da sufaye ke lissafawa, wato rai mai umarni da mugunta, da son zuciya, da duniya, da Shaiɗan. Yana nuna cewa makaman yaƙarsu su ne rage ci, da rage magana, da raya dare, da keɓewa. Akwai kuma sashe a kan tafakkuri, inda ya shawarci almajiri ya yi tunani a kan halitta, kada ya kutsa tunanin zatin Mahalicci. Wannan shi ne abin da malamai ke kira babban jihadi, wato yaƙin mutum da zuciyarsa. Muhimmin abin lura shi ne ya tsara wannan hanya, ya kuma bi ta, shekara 10 kafin a kama shi.

4. Shiga daji

Yawan baƙi ya sa zaman Mbake ya gagara, har dangi suka fara ƙorafi. Sai ya fita ya kafa Darus Salam kusa da garin. Nan ma jama'a suka bi shi. Ya riƙa sulalewa shi kaɗai yana shiga dawa, yana yin kwanaki. Wajen 1887 zuwa 1888, a irin wannan yawo, ya tsaya ƙarƙashin wata itaciya da Wolof ke kira mbeb, Hausawa kuma kukkuki. A cewar muridai, a gindinta ya sami buɗi, ya gane cewa nan ne wurin da yake nema. Ya sa wa wurin suna Tuba, kalmar da ta zo a aya ta 29 ta Suratur Ra'adi, wadda masu tafsiri da dama suka ce sunan wata itaciya ce a Aljanna. A waƙarsa Maɗlabul Fauzaini ya roƙi Allah ya mai da wurin gidan ilimi da tunani da aminci, ya kuma wadata shi da ruwa.

Me ya sa daji? Dalili na farko na siyasa ne. Dajin da ke tsakanin Bawol da Jolof ba shi da ruwa sosai, makiyaya Fulani ne kawai ke ratsa shi, don haka hannun hakimai da na kumandan bai cika kaiwa can ba. Dalili na biyu na tarbiyya ne. A gari, zuciya ba ta rabuwa da gaisuwa da gulma da neman girma. A dawa kuwa babu wanda zai yabe ka, babu wanda zai zage ka, abin da ya rage shi ne fitowar rana da faɗuwarta, da taurari, da jiran ruwan sama. Waɗannan su ne abubuwan da Alƙur'ani ke kira ayoyi, kuma su ne abin da mai tafakkuri ke karantawa. Ga Bamba, itaciya da hadari hanya ce ta tuna Mai su, ba abin da ake zuwa kallo don shaƙatawa ba.

Ya kuma haɗa wannan da aikin hannu. An kafa ƙananan makarantu a daji, da ake kira dara, inda samari ke sassabe, da haƙa rijiya, da noman gero da gujiya a ƙarƙashin wani babban almajiri, suna zikiri suna aiki. Wanda ya fi shahara a wannan fanni shi ne Shehu Ibra Fal. Ga tsohon ceddo da ya saba da giya da ƙwace, ko bawan da bai taɓa yin aiki da son ransa ba, dara ta ba shi abin da rikici ya ƙwace: lokacin tashi, da aikin yi, da shugaban da zai bi, da dalilin da zai sa ya haƙura.

5. Kamu da kora

Hakiman da Faransa ta naɗa sun ga talakawansu na tserewa zuwa wurin malam, sai suka riƙa kai ƙara cewa yana tara bindigogi. A farkon 1895 Bamba ya ƙaura zuwa Jolof ya kafa Mbake-Bari. Da sabon sarkin Jolof, Samba Laobe Penda, ya kusance shi, hankalin Turawa ya ƙara tashi, domin sun riga sun ga yadda haɗuwar malami da sarki ta haifar da yaƙi a zamanin Maba. Aka aika soja. Bai gudu ba, ya fito ya tarye su a Jewol ranar 10 ga Agusta 1895, daidai da 18 ga Safar 1313. Ranar 5 ga Satumba majalisar gwamna ta zauna a Ndar ta yanke masa hukuncin kora, ko da yake ba a kawo wata hujjar makamai ba. Muridai suna tuna cewa a ofishin gwamna ya shimfiɗa buzunsa ya yi nafila raka'a biyu. Ya bar iyali da makarantu a hannun ƙanensa Mam Cerno Ibrahim, aka kai shi Dakar, aka sa shi a jirgi.

Wurin da ya fi daɗewa shi ne Mayumba, inda ya yi kusan shekara 5. Siririyar ƙasa ce tsakanin Tekun Atilantika da wani babban tafki mai suna Banio, ga kurmi a baya. Tana kudu da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka lokacin da damina ke sauka a Bawol, can rani ake yi. Mutumin da ya tashi a ƙasar da ake hango gari daga nesa ya sami kansa a wurin da itatuwa ke rufe sama, ga laima da sauro da zazzaɓi. Babu masallaci, babu ladan, babu malamin da za su yi muzakara. Daga baya aka mai da shi Lambarene, a bakin kogin Ogowe.

Gabon ta ci wasu da aka kai. Samori Ture, wanda ya yi shekaru yana yaƙar Faransa, an kama shi a 1898, ya rasu a Njole ranar 2 ga Yuni 1900 da ciwon huhu. Gaskiya ne Samori ya tsufa, Bamba kuwa yana da sauran ƙarfi. Duk da haka akwai wani bambanci. Ikon Samori yana cikin dawakai da bindigogi, ranar da aka karɓe su an karɓe komai. Abin da Bamba ya dogara a kai, soja ba su da hanyar ƙwace shi.

6. Rayuwa a Mayumba

Daga rubuce-rubucensa, musamman Jaza'us Shakur inda ya ba da labarin tafiyar, da kuma littafin ɗansa Bashiru mai suna Minanul Baƙil Ƙadim, ana iya gane abubuwa huɗu da suka riƙe shi.

Na farko shi ne tsarin lokaci. Abin da ke fara karya ɗan kaso shi ne kwanaki su zama iri ɗaya, har ya daina ƙirga su. Mai salla biyar da wuridin safe da maraice da tilawa yana da abin da zai yi a kowane yanki na yini, kuma dole ya lura da rana da inuwa da jinjirin wata don ya san lokaci. Ta haka ibada ta ɗaure shi da sama da ƙasar wurin da aka kai shi, ko da yake baƙo ne.

Na biyu shi ne alƙalami. Ya rubuta ƙasidu masu yawa na yabon Annabi da roƙon Allah. Da yawansu an gina su ne a kan haruffan wata aya, kowane harafi ya buɗe baiti. Wannan aiki yana bukatar natsuwa, domin sai an kiyaye ma'auni da amsa-amo da ma'ana a lokaci guda, kuma zuciyar da ke cikin wannan lissafi ba ta da wurin saƙe-saƙen baƙin ciki. A lokacin ne ya tabbatar wa kansa laƙabin Hadimur Rasul, wato mai yi wa Manzo hidima.

Na uku shi ne teku. A wata ƙasida da muridai suka haddace, ya fuskanci tekun Mayumba ya yi masa magana kamar mutum, ya nemi ya zame masa shaida cewa shi bawan Allah ne kuma bai yi shirka ba. A wurin da babu Musulmin da zai ji shahadarsa, sai ya mai da ruwa abokin zama. Labarin da ya fi yaɗuwa a Senegal ma na ruwa ne: ana cewa da aka hana shi salla a cikin jirgi, ya shimfiɗa buzu a kan teku ya yi sallarsa. Ana ganin hoton wannan a jikin motoci da shaguna. Ko da an ajiye batun karama gefe, labarin yana nuna yadda jama'a suka fahimci al'amarin: jirgi na Bature ne, teku kuwa ba nasa ba ne.

Na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne fassarar da ya yi wa abin da ya same shi. Bai ɗauki korar a matsayin nasarar maƙiya ba. Ya ɗauke ta a matsayin jarrabawar da ya roƙa domin ya sami daraja, Turawa kuma ƴan aike ne da ba su san aiken da aka yi musu ba. Saboda haka ya rubuta cewa ya yafe wa waɗanda suka cuce shi. Wanda ya saba shiga halwa da ƙafarsa, da aka tura shi ta dole, sai ya karɓe ta a matsayin halwa mafi tsawo. Hausawa na cewa mahaƙurci mawadaci, amma haƙurin da ake magana a nan sai da aka yi shekaru ana koyonsa.

7. Sauran shekarun tsaro

A watan Nuwamba na 1902 aka mai da shi gida, bayan ƙoƙarin ƴan'uwansa da almajiransa da ɗan majalisa François Carpot. Taron da ya tarye shi ya sake tsorata hukuma. A watan Yuni na 1903 aka kai shi Muritaniya, aka damƙa shi ga Shehu Sidiya Baba, malamin da ke ɗasawa da Faransa. A wannan shekara ce Ingila ta ci Sakkwato, aka kuma kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi yana kan hanyar hijira. Malaman Afirka ta Yamma a lokacin suna fuskantar tambaya ɗaya: a yi yaƙi, ko a yi hijira, ko a zauna? Bamba ya zauna da jikinsa, ya yi hijira da zuciyarsa. A cikin rairayin Muritaniya ne, in ji muridai, ya karɓi wuridinsa na kansa, wanda ya raba ɗariƙarsa da Ƙadiriyya.

A 1907 aka mai da shi Ceyen, wani ƙauye mai wuyar zuwa a Jolof, aka taƙaita masu ziyara. A 1912 aka kai shi Jurbel, inda ya zauna ƙarƙashin idon hukuma har ya rasu ranar 19 ga Yuli 1927. An kai gawarsa Tuba cikin dare aka rufe. In aka lissafa daga 1895, ya yi kusan shekara 32 ba shi da ikon zama inda yake so, kuma garin da ya kafa bai sake zama a cikinsa ba. Hotonsa da aka fi sani shi ne wanda aka ɗauka a 1913: yana tsaye cikin farar riga, rawani ya rufe rabin fuskarsa.

8. Saɓanin masana

Ba kowa ne ya yarda cewa wannan juriya ce ba. A shekarun Jurbel dangantakarsa da Faransa ta yi sauƙi. Ya shawarci mabiyansa su zauna lafiya da hukuma, an ɗauki muridai soja a Yaƙin Duniya na Farko, an kuma ba shi lambar girma ta Faransa, wadda aka ce ya ƙi rataya ta. Donal Cruise O'Brien, a littafinsa na 1971, da Jean Copans, a nasa na 1980, sun fi mai da hankali ga tattalin arziki: a ganinsu koyarwar biyayya da aiki ta samar wa shehunnai ma'aikatan da ba a biya, ta kuma samar wa Faransa gujiyar da take bukata. David Robinson ya kira abin hanyar sasantawa, inda kowane ɓangare ya san iyakarsa. Cheikh Anta Babou kuwa, a littafinsa na 2007, ya nuna cewa ba za a fahimci Bamba ba sai an ɗauki tarbiyyarsa da muhimmanci, domin burinsa shi ne ya gina mutanen da Bature zai mallaki ƙasarsu ba tare da ya mallaki zukatansu ba.

Kowane ɓangare yana da hujja. Halwa da wuridi ba su kori Faransa ba, ba su rage haraji ko aikin tilas ba. Abin da suka yi shi ne sun hana mutum ɗaya karyewa, kuma ganin bai karye ba ya ba dubban mutane ƙarfin zuciya a lokacin da duk sarakunansu suka faɗi.

9. Abin da ya sami dajin

Akwai wani ɓangare na labarin da ba a cika faɗa ba. Dajin da Bamba ya shiga neman kaɗaici ya ƙare ne a hannun mabiyansa. Muridai sun shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Jurbel zuwa Tuba tsakanin 1929 da 1931 don kai kayan ginin masallaci, wanda aka buɗe a 1963. Noman gujiya ya yi ta matsawa gabas, ana sassabe ana ƙonewa, makiyaya suna rasa wuraren kiwo. A 1991 gwamnatin Senegal ta cire kimanin hekta 45,000 daga gandun dajin Mbege ta ba halifan Muridiyya, aka share su cikin ɗan lokaci aka kafa gonakin Helkom da makarantu. Tuba kanta, wadda aka zaɓa saboda babu kowa, ta zama birni na biyu a Senegal, da mutane fiye da miliyan ɗaya a ƙidayar 2023. Wanda ke neman irin shirun da malamin ya samu a gindin kukkuki ba zai same shi a can ba.

10. Kammalawa

Tarihin Bamba yana nuna cewa ƙarfin zuciya ba a ranar masifa ake nemansa ba, kamar yadda ba a fafe gora ranar tafiya. Ya koyi zama shi kaɗai a dajin Bawol tun yana da ikon komawa gida, shi ya sa kurmin Gabon bai zame masa baƙon abu ba. Ya saba karanta rana da itace da ruwa a matsayin ayoyi, don haka duk inda aka kai shi ya tarar da abin karantawa. Ya kuma riƙe ikon fassara wahalarsa da kansa, bai bar wa waɗanda suka kama shi ba. Shaidar wannan tana nan a kalandar muridai. Babban taronsu na shekara, wanda ake kira Magal, yana tara miliyoyin mutane a Tuba. Ba a sa shi a ranar haihuwar malamin ba, ba a kuma sa shi a ranar da ya komo daga Gabon ba. Ana yin sa ne ranar 18 ga Safar, ranar da ya fita zuwa hannun soja, domin shi da kansa ya umarci almajiransa su riƙa yi wa Allah godiya a kan wannan rana.